Hunturu: Abin da ke sa kulocin babur riƙewa da sanyin safiya a ƙasar Gumel

Duk ranar Alhamis, tun gari bai gama wayewa ba, hanyoyin da suka nufi Maigatari kan cika da ƙarar babura. Daga Gumel ake fitowa, da Gagarawa da Sule Tankarkar, da garuruwan da ke tsakani irin su Danzomo da Medu da Galadi, kowa na sauri ya riski kasuwa tun ciniki bai yi nisa ba. Wani ya ɗauko fasinja biyu, wani ya ɗaure akuya a bayansa, wani kuma buhun riɗi ne ko na zoɓo ya ɗora.

Sai dai daga watan Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke kan ganiyarsa, akwai wata matsala da ke tare masu babur da yawa tun daga ƙofar gida. An buga kik, inji ya tashi, an matse kuloci har ƙarshe, an taka giya ta ɗaya. Nan take sai a ji ƙara mai ƙarfi daga cikin inji, babur ya zabura gaba, inji ya mutu. A sake tayarwa, a sake sa giya, ya sake mutuwa.

Wani lokacin injin ba ya mutuwa, amma babur sai ya riƙa jan jiki yana tafiya a hankali alhali kuloci na matse, kamar doki mai cin linzami. Idan aka zo mayar da shi firi kuma sai giya ta yi tauri, ta tsallake daga ta ɗaya zuwa ta biyu, ta ƙi tsayawa a tsakiya.

Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne, da an yi tafiyar minti goma, sai komai ya koma daidai. Da rana babur lafiya lau, washegari da asuba a koma gidan jiya.

Babur ne ƙafar yankin

Ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar su ne suka haɗu suka yi masarautar Gumel, a arewacin Jihar Jigawa, daf da iyakar Jamhuriyar Nijar. Garin Gumel na da nisan kimanin kilomita 120 daga Kano, daga nan zuwa Maigatari kuwa tafiyar kilomita 20 da ’yan kai ce.

Da zarar an sauka daga kwalta, yawancin hanyoyin ƙauyuka burji ne ko rairayi, inda mota ƙarama kan kafe. Babur ne ke kai manomi gona, ya kai malamin makaranta aiki, ya kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Shi ne kuma sana’ar dubban matasa ’yan acaɓa, waɗanda da yawansu ba su suka mallaki baburan ba, balas suke kai wa mai shi kullum ko duk mako.

Saboda haka matsalar da wani zai ɗauka ƙarama ce, ga ɗan acaɓa ba ƙarama ba ce. Cinikin sassafe na ranar kasuwa shi ne mai tsoka, kuma fasinja ba ya jiran wanda ke kokawa da babur a tasha. Ga kuma haɗari: babur ɗin da ya zabura a cikin cunkoson kasuwa, da kaya a baya da yara a gefe, yana iya kayar da mai shi ko ya buge wani.

Baburan da suka fi yawa a yankin, irin su Bajaj Boxer na Indiya da Jincheng da Haojue da Daylong na ƙasar Sin, duk ƙirar kulocinsu kusan iri ɗaya ce, shi ya sa matsalar ba ta zaɓar kamfani.

Me ke faruwa a cikin inji?

Kulocin irin waɗannan babura ba a bushe yake aiki ba kamar na yawancin motoci. A cikin inji yake, yana wanka da baƙin man da ke shafe fistin da giya. Wato mai ɗaya ne ke hidimar wurare uku.

Idan bakanike ya buɗe murfin inji na gefen dama, zai tarar da faifai a jere cikin wani kwando na ƙarfe. Iri biyu ne a cakuɗe, ɗaya bayan ɗaya: masu faiba, waɗanda kan kai huɗu ko biyar a ƙananan babura, da kuma na ƙarfe zalla. Masu faiba suna juyawa tare da inji, na ƙarfe kuma suna haɗe da giya. Sifirin ne ke danne su wuri ɗaya, ƙarfin inji ya wuce zuwa sarƙa da tayar baya.

Idan mai babur ya matse kuloci, waya ce ke ja, ta ɗaga abin da ke danne faifan, su saki juna. Amma ɗagawar ba ta da yawa, kimanin milimita 2 ce ko ƙasa da haka, kuma duk faifan ne za su raba wannan ɗan sarari a tsakaninsu. Abin da kowanne ke samu bai fi kaurin takarda biyu ko uku ba, kuma mai ne cike a wurin.

A nan sanyi ke shigowa. Duk matar da ke girki ta san yadda manja ke daskarewa a kwalba da hunturu, har sai an ajiye shi a rana ko kusa da murhu kafin ya zuba. Baƙin mai ba ya daskarewa kamar manja, amma yana yin kauri sosai. A tsakiyar hunturu, sanyin asuba a wannan yanki kan sauko ƙasa da digiri 15 a ma’aunin Salshiyos, alhali a watan Afrilu zafin rana kan haura 40. Kaurin mai mai lamba 20W-50 a irin wannan asuba ya ninka kaurinsa a cikin inji mai zafi fiye da sau 20.

Babur ya kwana, sifirin ya danne faifai dare guda, man da ya rage a tsakaninsu ya yi danƙo. Da safe an matse kuloci, amma faifan sun manne, kamar gilasai biyu da aka jiƙa aka haɗa. Inji na juyawa, yana jan faifan ƙarfe, su kuma suna juya sandar giya. Da aka taka giya ta ɗaya, sai haƙoran da ke gudu suka ci karo da waɗanda ke tsaye, domin tayar baya ba ta motsi. Wannan karo shi ne ƙarar da ake ji. Idan mannewar ta yi ƙarfi, inji mai sanyi da bai gama daidaita ba sai ya mutu.

Da inji ya ɗauki zafi, mai ya tsinke, faifai su saki juna, matsala ta ɓace. Ɗan riƙewa kaɗan da sanyin safiya ɗabi’ar irin wannan kuloci ce, ko a sabon babur ana iya jin sa. Abin dubawa shi ne idan ya yi yawa, ko ya ƙi wucewa.

Lambobin da ke jikin galan

Mutane da yawa kan sayi mai da sunan kamfani ko da farashi, ba sa duba lambobin da ke jikin galan, alhali a nan amsar take.

Man da aka rubuta wa lamba ɗaya tak, kamar SAE 40, an auna kaurinsa ne a kan zafi kawai. Yana aiki da rana, amma da asuba yakan yi nauyi ƙwarai. Mai lamba biyu kuwa, kamar 20W-50 ko 10W-40, an haɗa shi ne don ya jure yanayi biyu. Lambar farko mai harafin W tana nuna yadda yake gudana cikin sanyi, kuma duk lokacin da ta yi ƙasa, man ya fi saurin zagayawa da safe. Ta biyu tana nuna kaurinsa idan inji ya yi zafi.

Wannan ba ya nufin kowa ya koma mai mafi tsinkewa. Tsohon inji da ya ci jiki, wanda ke ɗaukar kaya cikin zafin bazara, yana bukatar mai mai jiki. Ƙa’ida ita ce a bi abin da kamfanin babur ya rubuta a littafin da ake bayarwa tare da shi, littafin da galibi ake jefarwa tare da kwali ranar da aka haɗa babur.

Akwai kuma wata alama, JASO MA ko MA2. Ma’auni ne da ƙasar Japan ta fito da shi a 1998 musamman don man babur, bayan da man motoci ya fara zuwa da sinadaran rage gogayya waɗanda ke sa kulocin babur santsi. A 2006 aka raba shi zuwa MA1 da MA2. Man da ke ɗauke da wannan alama an gwada shi a kan kuloci mai wanka da mai. Mai alamar MB kuwa ba na irin wannan kuloci ba ne.

Babbar matsala ita ce man awo da ake sayarwa a kwalabe a bakin hanya, wanda ba a san asalinsa ba. Wani daga durom mai kyau aka tsiyayo shi, wani kuwa tsohon mai ne aka tace. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ta sha kama jabun man inji a sassan Najeriya. Tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, da faɗuwar darajar Naira da ta biyo baya, farashin mai da kayan gyara ya tashi, kuma abin da mai ƙaramin ƙarfi kan fara yi shi ne jinkirta juye ko komawa mai araha. Man da ya daɗe a inji yana tara ƙura da baƙin hayaƙi da garin faiba, ya yi kauri, ya bar danƙo a jikin faifai. Araha dai ba ta ado.

Idan laifin ba na sanyi kaɗai ba ne

Sau da yawa sanyi tona asiri kawai yake yi. Matsalar tana nan tun da, amma mai mai zafi na rufe ta.

Ta farko kuma mafi sauƙin gyara ita ce wayar kuloci. Waya na miƙewa da amfani, kuma ƙurar hunturu na shiga bututunta ta busar da ita. Idan ta saki da yawa, rabin matsawar da hannu ke yi a banza take tafiya, faifai ba sa samun cikakkiyar ɗagawa. Littattafan ƙananan babura kan ba da wasan milimita 10 zuwa 20 a ƙarshen hannun kuloci, ko milimita 2 zuwa 3 idan a gindinsa aka auna. Noti biyu ne ake juyawa, aikin da bai kai minti biyar ba. Hannun kulocin da ya lanƙwashe bayan faɗuwa shi ma yana rage ɗagawa.

Ta biyu ita ce tanƙwarar faifan ƙarfe, kuma a nan ƙasar yankin ke da hannu. Wanda ya shiga rairayi da buhu biyu ko fasinja uku, ba shi da zaɓi sai ya riƙe kuloci rabi yana ba da wuta don kada babur ya kafe. Wannan gogayya na haifar da zafi mai tsanani, har faifan su yi launin shuɗi su tanƙware. Tanƙwarar da ba ta kai rabin milimita ba ta isa ta cinye ɗan sararin da ke tsakani. Bakanike mai lura kan kwantar da faifan a kan gilashi ya duba ko akwai gefen da ya ɗaga.

Ta uku ita ce kwandon kuloci. Kunnuwan faifai na bugun yatsun kwandon shekara da shekaru har su yi masa tsaga-tsaga kamar haƙoran zarto. Faifai sai su maƙale a cikin tsagar, su ƙi zamewa. Idan ba ta yi zurfi ba ana gogewa da magagari, idan ta yi zurfi sai canji.

Sai kuma ƙananan abubuwa guda biyu. Akwai masu cika mai ya wuce alama, a zatonsu ƙari alheri ne, alhali yawancin irin waɗannan injuna kimanin lita ɗaya suke ci, kuma yawan mai na ƙara riƙewa. Akwai kuma masu ɗaga sulo don kada inji ya mutu da safe. Ƙananan babura galibi a kusan juyi 1,400 a minti ake daidaita su, kuma duk abin da aka ƙara a kai, ƙarar shigar giya da cin haƙora ne ke ƙaruwa.

Riƙewa daban, santsi daban

Inda masu babur ke yawan asarar kuɗi shi ne rashin bambance matsaloli biyu da suke kishiyar juna. Riƙewa ita ce kuloci ya ƙi saki bayan an matse shi. Santsi kuwa shi ne ya ƙi kamawa bayan an sake shi: a ba da wuta, inji ya yi ihu, babur bai ƙara gudu ba, musamman a hawa ko da kaya.

Mutum kan je gareji ya ce kulocinsa ya lalace, a canza masa faiba, ya biya, washegari da asuba matsalar na nan daram, domin faiba ba ita ce mai laifi ba. Haka kuma wanda ya ɗaure waya tamau don maganin riƙewa, har bai bar wasa ko kaɗan ba, ya sayi santsi da kuɗinsa, kuma faiba ba za ta daɗe ba za ta ƙone.

Gwajin da kowa zai iya yi a gida shi ne ya lura da lokaci. Idan riƙewar ta wuce bayan inji ya yi zafi, mai ne da sanyi, sai a duba irin man da kwanakinsa, a kuma duba waya. Idan tana nan har da rana, ko ma ta fi tsanani da zafi, to akwai abin da ya tanƙware ko ya ci a ciki, sai an buɗe.

Ana kuma iya ɗora babur a kan jakin tsakiya, a tayar, a matse kuloci, a sa giya ta ɗaya. Idan tayar baya na juyawa a hankali kuma ɗan taɓa birki ya tsayar da ita ba tare da inji ya canza murya ba, babu damuwa. Idan birki na neman kashe inji, kuloci bai saki ba.

Idan an kai ga canza faiba, ya kamata a jiƙa sababbin a cikin man inji kafin a ɗaura, a duba na ƙarfen da kwando, a kuma mayar da kowane faifai a jerinsa.

Minti biyar na safiya

Mafi yawan wannan wahala ana kauce mata ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Tun kafin a tayar da inji, a sa babur a giya ta biyu, a matse kuloci, a tura shi gaba da baya sau biyu ko uku. Da farko za a ji tauri, sannan a ji ya saki. Faifan ne suka rabu. Sai a mayar da shi firi.

A tayar da inji, a yi amfani da cok idan akwai bukata, a bar shi yana sulo na minti biyu zuwa uku. Ba a son a riƙa murɗa totur da ƙarfi a wannan lokaci, domin mai bai gama hawa kan inji ba. Yayin jira, a matse kuloci a saki sau biyar ko shida.

Kafin a sa giya, a zauna a kan babur, a taka birki, a matse kuloci a riƙe na ’yan daƙiƙu, sannan a taka giya. Kada a yi haka ana fuskantar bango ko yara ko dabbobi. Kilomita biyu ko uku na farko a tafi a hankali.

Wasu na ƙyashin fetur ɗin da za a ƙona a tsaye, ganin yadda lita ta yi tsada. Amma abin da injin babur ƙarami ke sha a sulo na minti uku bai kai rabin ƙaramin kofin shayi ba. Haƙoran giya kuwa idan suka ci, giya ta fara fita da kanta, sai an sauke inji an raba shi biyu, ga kuɗin kaya, ga na aiki, ga kwanakin da ba a fita ba, balas kuma na jira.

Inda babur ya kwana ma na da tasiri. Wanda aka shigar zaure ko aka lulluɓe da buhu ko tsohon bargo bayan inji ya huce, ya fi wanda ya kwana a fili sauƙin tashi.

Dabarun da ke jawo asara

Akwai abubuwan da bai kamata a yi ba ko da an ga kamar suna aiki. Zuba kalanzir ko fetur a cikin baƙin mai don ya tsinke yana sa kuloci ya saki, amma yana kashe ƙarfin man, fistin da boris su biya bashin. Kusantar da babur ga wutar jin ɗumi don inji ya ɗumama wasa ne da gobara, tunda tankin fetur da kafireto a saman injin suke.

Mafi haɗari shi ne barin inji yana aiki a cikin zaure ko ɗaki a rufe saboda gudun sanyi. Hayaƙin babur na ɗauke da iskar guba wadda ba ta da wari ko launi, irin dai wadda ke kashe mutane idan an kwana da janareta ko gawayi a ɗaki. A fitar da babur waje tukuna, sannan a tayar.

Masu roba-roba, wato baburan da ba su da hannun kuloci, su ma ba su tsira ba. Nasu kulocin da kansa yake kamawa idan inji ya ƙara gudu, kuma taka giya ne ke sakin sa. Idan yana zabura da safe, abin da za a fara dubawa shi ne sulo, sai mai, sai kuma notin daidaitawa da ke jikin murfin inji na dama, wanda ya fi kyau a bar wa bakanike.

Hunturu zai wuce, kamar yadda yake wucewa kowace shekara, kuma zuwa watan Maris yawancin masu ƙorafi za su manta da batun. Amma wayar da ta saki da faifan da suka tanƙware da tsohon man da ke cikin inji ba za su gyara kansu ba. Wanda babur ɗinsa ya zabura da shi a safiyar wannan Alhamis, ya fi masa sauƙi ya biya ta gareji kafin wata Alhamis ɗin, ya ce a fara duba masa waya da mai kafin a taɓa murfin inji.